Ma'aunin Malamina

Kwana goma sha ɗaya littafin na kan teburina,
shafi ɗari uku da arba'in, bango mai kauri,
sunan Farfesa Barau da ruwan zinariya.
Shi ya koya mini riƙon alƙalami,
yau an ce da alƙalamin zan auna shi.

Editar mujalla ta ce Alhamis, ba ƙarin kwana.
Na ce to,
irin to ɗin da ke yi wa harshe nauyi.

Daren farko yabo na zuba:
gagarumin aiki, ya cike giɓi, ya ciri tuta.
Da safe na karanta, na ji muryar maroƙi.
Na yage.

Dare na biyu na wasa wuƙa.
Kuskuren ɗab'i ashirin da bakwai na tsinto,
da shekara guda da ta zame daga gurbinta.
Tonon kaza a juji ke nan, ba sharhi ba.
Shi ma na yage.

Aka ɗauke wuta, Unguwar Rimi ta koma kukan janareto.
Na kunna fitilar waya, na koma shafin farko.

Labarin masaƙun Kakuri ne,
yadda injuna suka yi shiru, wannan bayan wancan.
Ga alƙaluma, ga jadawali, ga wasiƙun manajoji
da ya shekara shida yana tonowa cikin tsofaffin fayil.
Wannan gumi nasa ne, ba mai ƙwace masa.

Sai dai mahaifina ya shekara goma sha tara a ɗakin saƙa,
ƙarar inji ta tafi da kunnensa na hagu.
Na bi littafin layi-layi,
babu shi, babu mai kama da shi.
Shafi na ɗari biyu da goma sha biyu ya ce:
ma'aikata suka watse.
Shi ke nan. Kamar ruwan wanki.

Na tsawata wa kaina:
ɗacin rai ba hujja ba ne,
maraici ba ya shiga jerin madogara.

Talata na ƙetare gada, na sauka Makera.
Baba Kazah na gyaran rediyo a bakin kwata.
Ya jawo jaka daga ƙarƙashin benci:
takardun albashi, littafin taron ƙungiya,
sunaye da jan biro, na waɗanda suka rasu suna jiran haƙƙinsu.
Na ce, wani ya taɓa zuwa ya tambaya?
Ya ce, ke ce ta fari,
kuma kin zo batir ɗina ya kusa ƙarewa.

A cikin keke, kan hanyar dawowa, jimlar ta same ni,
guda ɗaya, ba ado:
littafin ya tambayi me ya kashe masaƙa,
amma masu ofis kaɗai ya tambaya.

A kanta na kafa komai, kamar rumfa kan shika-shikai.
Na fara da faɗin abin da ya ce, yadda zai ji ya ce haka ne.
Na ba shi nasa, mudu cike.
Sannan na nuna inda awon ya gaza,
kowace magana da lambar shafinta.
In ya ce ai babu takardun,
suna nan Makera, ƙarƙashin benci, gara na ɗanɗana su.
Mahaifina kuwa ban sa shi ba.
Na cire shi da hannuna, sau biyu.

Alhamis da la'asar na tura.

Mako uku Farfesa bai kira ba.
A wajen wani ɗaurin aure a Malali
ya amsa gaisuwata da rabin baki,
idonsa na kan takalmansa.

Jiya, bayan isha'i, waya ta yi haske.
Ba sallama, ba suna:
Sakin layinki na uku ya yi sanyi, tsorona kika ji.
Shi Kazah ɗin, a ina yake zama?